Ƙara a injin Corolla bayan gyaran gida: yadda aka bi sawunta har aka kamo ta

Motar da matsalarta ta asali

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai inji 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu. Mita tana nuna mil 150,000, wato kilomita 240,000 da 'yan kai. Mai ita ma'aikaci ne a Kano, kuma ya saba yi wa motarsa ƙananan ayyuka da hannunsa: juyen baƙin mai, canjin filta, fulogi, birki. Kafin wannan lamari injin ba shi da wata ƙara, sai ɗan tsit-tsit na nozul da ake ji a kowane inji irinsa in an ɗaga bonet.

Abin da ke damun motar yoyon mai ne. Mai yana naso ta bayan inji a ɓangaren fasinja, yana gangarowa ta wajen famfon sitiyari, in ta kwana sai a tarar da ɗigo biyu ko uku a ƙasa. Da ya wanke wurin ya sa ido, sai ya ga yoyon daga wuri biyu yake: gefen gasket na murfin saman inji, da kuma gindin ajastar kaca.

Sai an san yadda ajastar nan take kafin a fahimci sauran labarin. A wannan inji kaca ce ke ɗauko juyi daga kirankshaf ta kai wa kamshaf biyu, kuma a rufe take tana wanka da baƙin mai. Dampa biyu ne ke riƙe da ita, ɗaya kafaffe, ɗaya mai motsi. Mai motsin shi ajasta ke turawa ya danne kacar don kada ta yi sako-sako. Ajastar kanta 'yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba. Daga waje ake zura ta, ta bayan inji kusa da inda salansa ta fito, noti biyu masu lamba 10 ke riƙe da ita. A cikinta akwai sanda wadda sifirin da ƙarfin mai ke turowa waje, da haƙoran da ke hana sandar komawa ciki, sai wata 'yar ƙugiya da ake maƙala wa fil na sandar don ta zauna a ciki lokacin ɗaurawa. Zoben roba ɗaya ne ke tare mai a wuyanta. Zafin salansa da shekaru kan busar da zoben nan, shi ya sa yoyo daga nan sanannen abu ne a wannan inji.

Asabar: aikin da aka yi a gida

Ya haɗa ayyuka huɗu a yini ɗaya, a wannan jeri. Da safe ya kwance koyil huɗu da murfin saman inji, ya sa sabon gasket, ya ɗiga gam a wurare biyun da murfin kaca ya haɗu da tof silinda, ya mayar ya ɗaure. Daga nan ya sa sababbin fulogi huɗu. Bayan azahar ya juye mai ya sa lita 4.2 na 5W-30 da sabuwar filta. Ajastar kaca ita ya bari ƙarshe.

Ya ciro ta, ya cire tsohon zobe wanda ya yi tauri har ya karye a hannunsa, ya sa sabo. Ya ɗaga haƙorin, ya danna sandar ciki, ya maƙala ƙugiya. Wurin matsattse ne, ba a ganinsa, da lalube ake aikin. Sau biyu yana zura ajastar ƙugiyar na suɓucewa sandar ta fito. A karo na uku sai ya ɗauki filaya ya ɗan matse bakin ƙugiyar a kan fil ɗin don ta riƙe da kyau. Ta riƙe. Ya zura, ya ɗaure noti biyu, ya goge wurin. Bai juya inji da hannu ba kafin ya murɗa makulli.

Asabar da yamma zuwa Lahadi: ƙarar ta fito

Injin ya tashi bugu ɗaya, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu, amma tare da tashin sai ga wata ƙara, caka-caka-caka, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ya ɗauka mai ne bai gama hawa sama ba tunda filta sabuwa ce, sai ya bar shi a silo minti goma. Ƙarar ba ta tafi ba. In ya ɗan taka totur takan lafa, in ya saki ta dawo da ƙarfi kafin inji ya zauna a silo. Fitilar inji ba ta kama ba, zafi yana inda ya saba tsayawa.

Ranar Lahadi ya bi abin da ya tuna. Sandar awon mai ta nuna cikakke. Ya ƙirga soket da sifanu ya ga babu wanda ya faɗa cikin inji. Ya cire murfin roba na ado ya tayar, ƙara na nan. Ya sake ciro koyil ya gwada ɗaurin fulogi ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke, kuma babu baƙin hayaƙi a ramukansu, wanda da an gani in fulogi na fitar da iska. Ajasta ya haska ta da tocila ya ga babu yoyo, ya wuce.

Litinin da Talata: garejin unguwa

Ya tuƙa ta kilomita 4 zuwa garejin da ke kusa. Da aka tambaye shi me ya faru, ya ce sabis ya yi mata, ya canja gasket da fulogi, sai ƙara ta fito. Zoben ajasta bai ambata ba, don a ganinsa ƙaramin abu ne da bai kai a faɗa ba.

Bakaniken ya saurara ta ɓangaren fasinja ya ce ajastar bel ce. Wannan zato yana da tushe: ajastar bel ta wannan inji tana da ɗan shokozoba a jikinta, kuma in ya mutu yana ƙara a silo daga wannan ɓangaren dai. Aka sayo ta Beljiyam aka sa. Ba a cire bel an tayar da inji ba kafin a saya. Ƙara ta ci gaba yadda take.

Washegari aka ce man ne ya yi ruwa-ruwa ga tsohon inji a zafin Kano. Aka juye 5W-30 da bai yi kilomita 10 ba, aka zuba 20W-50 da gwangwani ɗaya na maganin ƙara kauri. A sanyi ƙarar ta ɗan dusashe, har aka ce an dace. Da motar ta yi tafiyar minti goma sha biyar ta ɗau zafi, ƙarar ta dawo daram.

Alhamis: maganar sauke inji

Aka kira wani babban bakanike daga gareji na gaba. Ya saurara, ya tura totur sau uku, ya ce mital ne, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin kirankshaf da abin da yake juyawa a ciki, inji ya fara nokin, a sauke shi a kai kirankshaf wurin wanki, wato a goge shi da na'ura, ko a nemi wani injin. Ba a auna ƙarfin mai ba, ba a kwance botom filet ba, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. Mai motar ya nemi a ba shi lokaci, ya mayar da ita gida ya ajiye. Jimillar tafiyar da ta yi da ƙarar bai kai kilomita 30 ba. Ranar Asabar aka jawo ta, ba a tayar ba, zuwa gareji na biyu.

Asabar ta biyu: bincike kafin a kwance komai

Nan an fara da tambaya ne, inji a kashe. Maigidan garejin ya ce, "Alhaji, duk notin da hannunka ya taɓa ranar nan nake so ka lissafo mini, tun daga na farko har na ƙarshe, ko da kana ganin ba shi da muhimmanci." Aka rubuta a takarda. Ajastar kaca ta fito a layi na ƙarshe. Aka tambaye shi ko ya juya kirankshaf baya bayan ya ɗaure ta, ko ya ji wani ɗan ƙas daga ciki. Ya ce, "Injiniya, ban juya komai ba, makulli kawai na murɗa."

Duk da haka ba a tafi kai tsaye ga ajastar ba, don an riga an jefa maganar mital, kuma dole a kawar da ita da hujja. Amma an taƙaita tayar da inji, gaba ɗaya bai kai minti uku yana aiki ba.

Aka fara da mai. Aka ɗebo kaɗan ta ƙusar botom filet aka tace a farin ƙyalle a rana. In mital ya cinye, ana ganin ƙyalli mai launin azurfa ko jan tagulla a cikin man. Babu ko ɗaya. Abin da aka gani 'yan baƙaƙen ɓurɓushi ne da ba sa bin maganaɗisu, kuma suna murƙushewa a tsakanin yatsu.

Sai bel. Aka ɗora soket mai lamba 19 a kan ajastar bel aka sassauta, aka zare bel ɗin gaba ɗaya, aka tayar na daƙiƙa 30. Ba a wuce haka don famfon ruwa ba ya juyawa in babu bel. Wannan gwaji yana fitar da altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari, kwamfiresar AC da ajastar bel daga zargi a lokaci guda. Ƙarar tana nan, har ma ta fi fitowa sarai tunda sauran hayaniya ta ragu.

Aka mayar da bel, aka shiga gwajin silinda. Inji na silo ana cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa biyar-biyar. Nozul ake cirewa maimakon koyil don kada ɗanyen fetur ya riƙa gangarawa cikin salansa. Idan mital na sandar fistin ne ya yi gwaɓi, ƙarar kan ragu sosai ko ta ɓace da zarar silindarsa ta daina wuta, domin bugun wutar ne ke buga shi. An bi duka huɗun, inji na rawa kowane karo yadda ya kamata, ƙara ba ta canja ba ko kaɗan.

Sannan aka kasa kunne ga tsarin ƙarar kanta. A silo na juyi 700 a minti, kirankshaf na zagayawa kusan sau 12 a daƙiƙa, kamshaf kuma rabin haka, kusan sau 6. Bawul ɗaya mai gibi da yawa zai ba da ƙwas-ƙwas siririya, daidai-wa-daida, kusan sau 6 a daƙiƙa, daga sama. Mital kuwa ƙararsa mai nauyi ce, gwaf-gwaf daga ƙasa, tana ƙaruwa in an ɗora wa inji nauyi ko mai ya yi zafi. Giyar VVT-i, wadda ke kan kamshaf na shan iska tana gusar da lokacin buɗewar bawul, in ta gaji takan yi karrr na daƙiƙa ɗaya ko biyu a tashin safe ta yi shiru. Wannan ƙarar ba ta shiga ko ɗaya ba. Ba ta ƙirguwa, ba ta da bugu tsayayye, ta fi tsanani a silo da lokacin sakin totur, kuma ba ta ɗaukewa.

Da doguwar sukudireba, baki a jikin inji, ƙota a kunne, aka bi wurare biyar: botom filet, cikin bulok ta gaba, tsakiyar murfin sama, murfin kaca ta gaba, murfin kaca ta baya. A botom filet da bulok gurnani ne kawai na inji mai lafiya. A murfin kaca ta baya, dab da ajasta, ƙarar har a ƙashin kunne ake jin ta. Nan aka kashe inji, ba a sake tayarwa ba sai bayan gyara. Na'urar kwamfuta ba ta nuna wata lamba ba sai waɗanda cire nozul ya jawo, babu P0016 da ke nuna kirankshaf da kamshaf sun saɓa.

Abin da aka tarar da aka ɗaga murfi

Aka cire koyil da fulogi da murfin saman inji. Kacar da ke tsakanin giyoyin kamshaf biyu ta yi ciki, yatsa ɗaya na ɗaga ta. Da aka haska tocila ƙasa ta bayan kacar, ga dampa mai motsi yana lilo, tsakaninsa da bakin sandar ajasta akwai fili, ƙugiya kuma na nan maƙale da fil ɗinta.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan gaɓa shi ne ko kacar ta tsallake haƙori. Aka cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, aka ɗora soket mai lamba 19 a ƙusar fulin kirankshaf, aka juya a hankali ta hanyar da hannun agogo ke bi, mutum ɗaya na danne dampan da sukudireba don kacar ta zauna a haƙoranta. Da tsagin fuli ya zo kan 0 na murfin kaca, makin giyar kamshaf ta salansa da na giyar VVT-i suka fuskanci juna a miƙe, daidai da leɓen murfin. Taimin bai gusa ba.

Littafin gyaran injin ya tanadi abin yi in sanda ta ƙi fitowa: a danna dampan cikin ajasta da sukudireba ko yatsa har ƙugiya ta saki. An danna, sandar ta shiga kaɗan, ƙugiyar ta bi ta ba ta faɗi ba. Da aka ciro ajastar aka duba a haske, bakin ƙugiyar a tsuke yake, ga shaidar haƙoran filaya a jikinsa.

Gyaran

Ba a buɗe ƙugiyar da filaya an mayar ba. Ƙarfe ne siriri da aka riga aka lanƙwasa sau ɗaya, in ya karye cikin botom filet zai faɗa. Aka sayo sabuwar ajasta ta asali, wadda da zobenta take zuwa.

Inji na kan maki, ba a taɓa kirankshaf ba muddin ajasta na waje, don juya shi babu ita shi ne hanya mafi sauƙi ta tsallakar da kaca. Aka goge ramin, aka shafa wa zoben baƙin mai, babu gam ko ɗigo, aka maƙala ƙugiya yadda take, aka zura a miƙe ana riƙe da ita har noti biyu suka kama. Aka ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi a kan Nm 9, ɗauri ne mara yawa, kuma ƙusoshin sirara ne masu saurin tsinkewa. Sannan aka juya kirankshaf baya kaɗan, saɓanin hannun agogo. Juyin baya yana miƙar da kaca ta ɓangaren ajasta, ta danna dampa, dampa ya tura sanda ciki, ƙugiya ta rasa abin riƙewa ta faɗi. Aka ji ƙas. Aka juya gaba, ana kallo da tocila, sandar ta fito ta tokare dampan, cikin da kacar ta yi ya ɓace. Aka zagaya inji sau biyu cikakku da hannu, maki ya dawo inda yake.

Tunda murfi a buɗe yake kuma inji ya huce, aka auna gibin bawul goma sha shida. Ƙa'idar wannan inji a sanyi milimita 0.15 zuwa 0.25 ce ga na shan iska, 0.25 zuwa 0.35 ga na salansa, kuma duk suna ciki. Fuskar dampa mai motsi, iya inda ido ya kai, ta nuna sabon gurji amma robar ba ta tsage ba. Aka kankare tsohon gam, aka sa sabo a wurare biyun nan, aka rufe, aka jira awa biyu. Aka zubar da 20W-50 da maganinsa, aka mayar da 5W-30 da sabuwar filta.

Da aka tayar, kacar ta yi ɗan motsi na daƙiƙa ɗaya kafin mai ya cika sabuwar ajasta, sai shiru. Bayan inji ya yi zafi har fanka ta kama, aka cire suwicin mai aka ɗaura agogon awon ƙarfin mai. Ƙa'ida ita ce kPa 29 ko fiye a silo, da 294 zuwa 539 a juyi 3,000. An sami kimanin 80 a silo da 370 a juyi 3,000. An jinkirta wannan awo ne da gangan sai da aka mayar da man da ya dace, don mai kauri yana ɗaga allura ya ɓoye gwaɓin mital in akwai shi.

Bayan mako ɗaya, da bayan kilomita 1,000

A mako na farko babu ƙara a sanyi ko a zafi, babu yoyo a gindin ajasta ko gefen murfi. A kilomita 1,000 aka sake juye mai da wuri, aka tace shi a ƙyalle, aka yanka filtar aka baje takardarta. Baƙin ɓurɓushin ya ragu zuwa 'yan ƙwayoyi, ƙyallin ƙarfe babu.

Hukunci

Asalin laifin abu biyu ne da suka haɗu. An tsallake matakin sakin ƙugiya, kuma an matse ƙugiyar yadda ba za ta saki da kanta ba. Da matakin kawai aka tsallake, mai yiwuwa dukan kaca a tashin farko ya tura sandar ciki ƙugiya ta faɗi, abin da ke sa wasu su yi wannan kuskure ba su taɓa sani ba. Da aka tsuke ta, sifirin da ƙarfin mai suka riƙa tura sandar waje suna ƙara ɗaure ta a kan fil. Jerin aikin ma ya taimaka wa matsalar: da ajasta aka yi lokacin da murfin sama ke buɗe da safe, da ido zai ga kacar ta yi ciki.

Sauya ajastar bel bai yi aiki ba saboda an bi sunan da injin ya yi wajen wannan ƙara, ba a gwada ba, alhali cire bel na daƙiƙa 30 ya isa ya hana sayen. Mai kauri ya rage ƙara a sanyi ne don yana kwantar da dukan kaca a jikin dampa, bai taɓa dalilin ba, kuma sauƙin da ya bayar shi ya buɗe ƙofar zargin mital, tunda ƙarar mital ma takan lafa da mai kauri ta dawo da zafi. Maganar sauke inji ita ce mafi nauyi, an yanke ta da kunne kaɗai, kuma da an bi ta, da an kwance kaca an mayar, ƙara ta tafi, kowa ya tafi da yaƙinin mital ne.

Mai motar yana da kaso a kwanakin da aka ɓata, don "na yi mata sabis" ya ɓoye aiki na huɗu, kuma garejin farko bai matsa da tambaya ba. Abin da ya yi daidai shi ne ajiye motar ranar Alhamis da jawo ta maimakon tuƙawa. Kaca mai sako-sako irin wannan tana iya tsallake haƙori a kowane tashi ko sakin totur, in ta tsallake da yawa kuma bawul na iya haɗuwa da fistin. Rashin tsallakewarta cikin kilomita 30 dace ne.

Saura abu ɗaya a buɗe. Dampa mai motsi ya sha duka, kuma ba a ga ƙasansa ba don sai an kwance murfin kaca gaba ɗaya. An bar shi bisa hujjar cewa ƙara ta ɗauke kuma ɓurɓushi na raguwa. An gaya wa mai motar a ci gaba da yanka filta a juyen mai biyu masu zuwa, in ɓurɓushin ya ƙaru ko kaca ta fara ƙara a tashin safe fiye da daƙiƙa biyu, a kwance murfin a canja dampa biyun tare da auna tsawon kacar.